DAGA JENEBA ZUWA GRENOBLE: ƊAKUNAN DA AKE JAN LINZAMIN MANYAN INJUNAN KIMIYYA

Birnin Jeneba yana can a ƙarshen yammacin ƙasar Suwizalan, daidai inda Kogin Rhône ya fito daga wani makeken tafki ya nufi Faransa. Galibin masu karatu sun san sunansa ne saboda tarurrukan sulhu, da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, da agoguna masu tsada. Amma wanda ya shiga taragon lantarki mai lamba 18 daga gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Cornavin, ya zauna har ƙarshen layi, zai sauka a gefen garin Meyrin, gab da iyakar Faransa, a gaban wani ƙaton gini na katako mai siffar tulu, tsawonsa mita 27. Nan ne ƙofar CERN, watau cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ƙasashen Turai goma sha biyu suka haɗu suka kafa cikin shekarar 1954. Yau ƙasashen da ke cikinta sun haura ashirin.

Baƙon da ya zo da tsammanin ganin wani abin al'ajabi a sarari sai ya ɗan yi sanyi. Gine-ginen ba su da wani ado, yawancinsu tsofaffin ofisoshi ne da rumbunan ajiya, kowanne da lambarsa, lambobin kuma ba su bin juna. Titunan ciki suna ɗauke da sunayen mashahuran masana, irin su Einstein da Bohr da Rutherford. Da bazara har tumaki ake sakewa su yi kiwo a filayen da ke tsakanin gine-ginen. Ta arewa maso yamma duwatsun Jura sun yi shinge, ranar da gari ya yi wasai kuwa ana hango farin kan dutsen Mont Blanc can nesa. Ainihin abin da ya tara mutane a nan ba ya bisa ƙasa, yana ƙarƙashinta.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN GONAKI

Kimanin mita 100 a ƙarƙashin gonakin alkama da ƙauyukan wannan yanki akwai wani rami da ya zagayo kamar zobe, kewayensa kilomita 27, mafi yawansa a cikin ƙasar Faransa. A cikinsa aka shimfiɗa injin da ake kira LHC. Aikinsa shi ne ya kori ƙwayoyin furoton, waɗanda ake samowa daga iskar haidirojin, cikin bututu biyu da aka tsotse iskar da ke cikinsu, ayari ɗaya ya bi dama ɗaya ya bi hagu, har su kusa kai gudun haske, sa'an nan a sa su yi karo da juna a wurare huɗu. Daga tarkacen wannan karo masana ke karanta asirin halitta. Da haka aka gano ƙwayar nan ta Higgs, wadda aka ba da sanarwarta ran 4 ga watan Yuli, 2012.

Abin da ke tanƙwara ayarin ya bi zoben shi ne maganaɗisu. Manyan cikinsu guda 1,232 ne, kowanne tsawonsa mita 15, nauyinsa kamar tan 35, kuma ba su aiki sai an sanyaya su da ruwan heliyam har zuwa digiri 271 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Ayarin yana zagaya zoben sau 11,245 cikin daƙiƙa ɗaya. In ya cika, ƙarfin da ke tattare da shi ya kai na jirgin ƙasa mai tan 400 yana gudun kilomita 150 a sa'a, alhali inda ake haɗa karon bai kai kaurin gashin kai ba. Ya kuskure hanya da ɗan kaɗan, zai huda ƙarfe kamar yadda allura ke huda alawayyo.

Sa'ad da injin ke aiki ba mahalukin da ke cikin ramin, an kulle ƙofofi. Ba mai ganin ayarin da ido, ba mai jin motsinsa. Duk abin da ɗan Adam ya sani game da halin da injin ke ciki, ta allon kwamfuta yake saninsa. Saboda haka tambayar yadda za a tsara wannan allo, me za a nuna, me za a ɓoye, da wane launi, ta zama babbar magana wadda injiniyoyi suka shafe shekara hamsin suna gardama a kanta.

ƊAKI ƊAYA, TSIBIRAI HUƊU

Ɗakin da ake sarrafa injunan ba a Meyrin yake ba. Sai an haye iyaka, an yi 'yan kilomitoci cikin gonaki da kurmi zuwa ɗaya harabar CERN da ke kusa da ƙauyen Prévessin a Faransa. An fara aiki da shi cikin 2006. Kafin nan ɗakuna dabam-dabam ne: masu kula da tsohon injin PS suna Meyrin, masu kula da SPS suna Prévessin, masu lura da wutar lantarki da ruwa da iska kuma suna nasu wurin. In matsala ta taso sai a yi ta buga waya. To, da yake furoton ba ya isa babban zobe sai ya bi ta ƙananan injuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ƙara masa gudu ya miƙa wa na gaba, aka ga ya fi kyau a tara kowa ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ɗakin babba ne, rufinsa da tsawo, da dogayen tagogi masu shigo da hasken rana. An shirya tebura 39 cikin rukuni huɗu, kowane rukuni ya yi da'ira, su ma'aikatan tsibirai suke kiransu. Ɗaya na LHC, ɗaya na SPS, ɗaya na PS da ƙananan injunan da ke ciyar da shi, na huɗun na masu lura da wuta da ruwa da sanyi. Bakin kowane tsibiri yana buɗe ta tsakiyar ɗakin, yadda mutum zai juya kujerarsa kawai ya yi wa maƙwabcinsa magana. Wannan shiri na kujeru shi kansa yana cikin dabarun sarrafa inji, domin labarin da allo bai bayar ba, sau da yawa baki ke bayarwa. Ana aiki dare da rana, kashi uku, sa'a takwas-takwas. A can sama jikin bango an jera kwalabe wofi birjik, kowacce ta shagalin wata nasara ce da aka samu, da kwanan wata a jikinta.

Cikin allunan da ke rataye a bango akwai wanda ya fi kowanne suna, ana ce masa Shafi na Ɗaya. Baƙin allo ne marar ado, kamar na talabijin ɗin da. Yana nuna ƙarfin ayari, da yawan furoton da ke cikinsa, da matakin da aiki ya kai, ga kuma wani ɗan gurbi a ƙasa inda ma'aikacin da ke bakin aiki yake rubuta jimla ɗaya ko biyu da hannunsa, alal misali ya ce ana jiran gyaran wani abu, za a sake cika zobe bayan sa'a biyu. Ba a taɓa komai daga wannan allo, na kallo ne kurum. Amfaninsa shi ne mutum ya ɗaga kai daga nesa, cikin ƙiftawar ido ya san ko lafiya. Ana nuna shi a ɗakunan cin abinci na CERN, yana kuma intanet ga duk mai son gani.

YATSA A KAN GILASHI

Tsohon injin PS, wanda ya fara aiki cikin 1959, kewayensa mita 628 ne. A zamaninsa na fari, kowane abin murɗawa da kowace fitila a ɗakin sarrafawa suna da wayarsu ta kansu wadda ta tafi har wurin abin da suke sarrafawa. Bango ya cika da allurai da makunnai, ma'aikaci yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wannan hanya tana da kyaunta: hannu yakan haddace inda kowane makunni yake, ko cikin magagin barci. Amma da aka tashi gina SPS a farkon shekarun 1970, mai kewayen kusan kilomita 7, lissafi ya nuna wayoyi da makunnan da za a bukata sun wuce hankali da aljihu.

Injiniyoyi biyu, Frank Beck da Bent Stumpe ɗan ƙasar Denmak, su suka kawo mafita. Cikin watan Maris na 1972 Stumpe ya rubuta shawararsa da hannu: a zana siraran layukan tagulla a kan gilashi, sirara ƙwarai yadda ido ba zai gan su ba, a ɗora gilashin a fuskar allo. In yatsa ya kusanci wuri, lantarkin wurin ya canza, kwamfuta ta gane. Maɓallan da ke allon ba su da yawa, amma rubutun da ke kansu yana sauyawa. Ka taɓa ɗaya, ya buɗe maka wasu, ka taɓa ɗaya cikinsu ya kai ka ciki, kamar mai bin reshen itace daga gindi har ganye. Suka haɗa da abin murɗawa guda ɗaya wanda kwamfuta ke ba shi aikin da aka ga dama, da ƙwallon da ake mirginawa da tafin hannu don nuna wuri a allo. Da SPS ya fara aiki cikin 1976, da 'yan teburan nan aka sarrafa shi, da ƙananan kwamfutoci na kamfanin Norsk Data na ƙasar Nowe.

Ba su ne farkon masu tunanin allon taɓawa ba. Wani Baturen Ingila, E. A. Johnson, ya bayyana irinsa cikin 1965 don masu lura da zirga-zirgar jiragen sama. Amma na CERN yana cikin na farko da aka ɗora wa babban aiki na yau da kullum, kuma dangin dabarar ce ke cikin wayar hannun da ke aljihun mai karatu. Har ila yau, aikin manhajar sarrafa injin PS ne ya fara kawo Tim Berners-Lee CERN cikin 1980, shekara tara kafin ya rubuta shawarar da ta haifi shafukan yanar gizo.

Sai dai sabuwar hanyar ta zo da nata ciwon kai, wanda har yau ba a rabu da shi ba. A bangon makunnai komai yana fili. A cikin reshen itace kuwa abin da mutum bai buɗe ba ba ya ganinsa, wuta na iya ci a shafi na bakwai shi yana kallon na biyu.

HANYAR CERN: A FAƊA WA INJI ABIN DA AKE SO

A tsibirin LHC ba a cika murɗa maganaɗisu ɗaya-ɗaya ba. Akwai manhajoji da aka rubuta musamman don kowane aiki, yawancinsu da harshen kwamfuta na Java, a 'yan shekarun nan kuma Python yana ta samun shiga. Ma'aikaci yana magana ne da harshen masana: yana so hanyar ayari ta gyaru a wuri kaza, ko a ƙara matse shi. Wata manhaja da ke ƙasa, mai suna LSA, ita ke lissafa yawan wutar da kowane maganaɗisu zai sha don a sami haka, ta aika da umurni, ta kuma ajiye tarihin abin da aka canza don a iya komawa baya. Akwai kuma manhajar jeri, wadda ke bin matakan cika zobe da ƙara ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wanda ya wuce lafiya da wanda ya tsaya. Kowa kuma da iyakar abin da aka yarje masa ya taɓa, gwargwadon matsayinsa.

'Yan taku kaɗan daga nan, a teburan masu lura da sanyi, allunan wani iri ne dabam. Taswira ce ta bututu da bawul da famfo da tankuna, an zana su yadda suke a ƙasa, irin wadda ake gani a matatar mai, da manhajar masana'antu ta kamfanin Siemens. Su kuma manyan na'urorin da ke ɗaukar hoton karo, irin su ATLAS da CMS, suna da ɗakunansu na kansu, inda aka tsara allo kamar sarauta: mai unguwa ya kai wa dagaci rahoto, dagaci ya kai wa hakimi, har ya isa sama. In ƙaramin abu ya lalace a ƙasa, launinsa yana hawowa har shafin farko, ma'aikaci ya bi sawu ya gangara ya same shi.

Amfanin manhajar da aka ɗinka wa aiki shi ne tana zama daidai jikinsa. Tsadarta ita ce sai da gwanayen rubuta manhaja, kuma in wanda ya rubuta ta ya bar aiki, wani lokaci akan rasa mai iya taɓa ta. CERN tana da mutanen da za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Ba kowace cibiya ke da su ba.

Akwai abu guda da ba a bar wa allo ko hannun mutum ba sam. Zagaye ɗaya na ayari bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ba, kafin mutum ya ɗaga yatsa aikin gama ya gama. Don haka dubban na'urorin tsaro an haɗa su da waya kai tsaye, in ɗaya ta ga abin da bai gamshe ta ba, cikin zagaye uku an fitar da ayarin an jefa shi cikin wani ƙaton curin baƙin dutse irin na bakin fensir, wanda aka kewaye da ƙarfe da kankare. Aikin allo a nan shi ne ya bayyana wa mutane abin da ya faru bayan ya faru.

Ran 19 ga watan Satumba, 2008, kwana tara da fara zagaya ayari a LHC, wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya yi zafi ya narke. Wuta ta huda bututun sanyi, heliyam kimanin tan 6 ya fita da ƙarfi, har ya tumɓuke wasu maganaɗisun daga mazauninsu. Ba wanda ya ji rauni, amma sai da aka fito da maganaɗisu 53 daga ramin, injin kuma bai koma aiki ba sai watan Nuwamba na 2009. Aibin haɗin wayar ƙanƙane ne ƙwarai, kuma a lokacin babu ma'aunin da aka sa mai iya ganinsa da wuri. Cikin gyaran da aka yi har da ƙara sabbin na'urori masu sa ido a kan irin waɗannan haɗe-haɗe. Allo, komai kyan tsarinsa, ba ya nuna abin da ba a auna ba.

GRENOBLE: KOWACE NA'URA DA HALINTA

Tafiyar kamar sa'a biyu kudu daga Jeneba, ta tsakanin duwatsu, sai birnin Grenoble na Faransa, wanda ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu cikin 1968. Duwatsu sun kewaye shi ta kowace fuska. Daga bakin kogi akwai wasu kwanduna na gilashi masu kama da ƙwai, rataye a igiyar ƙarfe, suna hawa da mutane zuwa tsohuwar ganuwar Bastille. Daga can sama, in aka dubi inda kogunan Drac da Isère suka haɗu, za a ga wani gini ya yi zobe sak. Shi ne ESRF, wanda aka buɗe cikin 1994, aka kuma sabunta injinsa ya koma aiki cikin 2020.

Zoben cikinsa mita 844 ne, kuma ba karo ake haɗawa a nan ba. Ƙwayoyin lantarki ne ke zagayawa suna fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, amma mai ƙarfin da ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ana rarraba hasken zuwa ɗakunan bincike fiye da arba'in da ke kewaye da zoben. Masu zuwa baƙi ne: masu binciken magani, da masu nazarin ƙarafa, da masu tonon tarihi. Cikin 2010 har ƙoƙon kan wani daɗaɗɗen halitta mai suna Australopithecus sediba aka kawo daga Afirka ta Kudu aka leƙa cikinsa ba tare da an fasa dutsen da ya lulluɓe shi ba.

A nan aka haifi tsarin sarrafawa mai suna TANGO a ƙarshen shekarun 1990, daga baya cibiyoyin SOLEIL a Faransa, da Elettra a Italiya, da ALBA a Sifen, da DESY a Jamus suka shigo aka ci gaba da raya shi tare. Tunaninsa shi ne a ɗauki kowace na'ura kamar mutum guda: tana da suna, tana da abubuwan da ake aunawa a jikinta, da umurnin da take karɓa, da kuma halin da take ciki. Kowane hali da launinsa wanda ba ya canzawa. Kore tana aiki, fari a kashe take, ja ta lalace, ruwan lemo tana gargaɗi, shuɗi mai haske tana motsi, ruwan toka ba a san halinta ba. Da yake kowace na'ura tana iya bayyana kanta, akwai manhajar da ke haɗa mata allo nan take ba tare da kowa ya zana ba. A kawo sabon famfo da safe, kafin azahar yana da allonsa.

Raunin wannan allo na nan take shi ne bai san babba da yaro ba, yana jera abu mai muhimmanci da marar muhimmanci kafaɗa da kafaɗa. Ya dace da injiniya mai neman inda cuta take, amma mai aikin dare yana bukatar taswirar da mutum ya zauna ya zana da tunani, don haka suna da kayan zana ta. Baƙo mai bincike kuwa, wanda aka ba shi kwana biyu ko uku kacal bayan ya yi watanni yana jira, ba ruwansa da sunan famfo. Domin irinsa aka yi manhajoji kamar MXCuBE, inda yake ganin hoton ɗan ƙanƙanin abin da ya kawo, ya danna shi sau uku ta fuskoki dabam-dabam, injin ya daidaita shi a tsakiyar haske da kansa.

TA AMURKA: KOWA YA ZANA NASA

Hanya ta uku daga hayin teku ta fito. A ƙarshen shekarun 1980 injiniyoyin cibiyar Los Alamos da ke jihar New Mexico, cikinsu har da Bob Dalesio da Jeff Hill, suka haɗa kai da Marty Kraimer na cibiyar Argonne kusa da Chicago, suka fito da tsarin EPICS. A nan ba na'ura ce tushe ba, kowane ma'auni guda shi ke da sunansa: zafin wuri kaza suna ɗaya, wutar maganaɗisu kaza suna ɗaya. Babbar cibiya takan tara irin waɗannan sunaye dubu ɗaruruwa. Duk kwamfutar da ta kira suna, za a amsa mata da adadinsa da kuma ko yana cikin haɗari.

Zana allo a wannan tsari ba ya bukatar gwanin manhaja. Da kayan zane irin su MEDM na Argonne, ko EDM, ko Phoebus na baya-bayan nan, mutum yana jawo hoton ma'auni ko maɓalli ya ajiye inda yake so, ya rubuta masa suna, shi ke nan. Mai kula da bututu ya zana nasa, mai kula da wuta ya zana nasa. Wannan sauƙi ne ya yaɗa shi duniya. Da shi ake aiki a LIGO, inda aka fara jin girgizar sararin samaniya ran 14 ga watan Satumba, 2015, da cibiyar Diamond a Ingila, da SESAME da aka buɗe a ƙasar Jodan cikin 2017, a kansa kuma aka gina tsarin sarrafa ITER da ake ginawa a kudancin Faransa. Shi ma TANGO ya yi nisa, shi aka zaɓa wa babban madubin sauraron taurari na SKA da ake kafawa a Afirka ta Kudu da Ostareliya.

Amma an ce kowane allazi da nasa amanu. Inda kowa ke iya zane, alluna sukan yi yawa har su kai dubbai, wannan ya sa maɓallin kashewa a dama, wancan a hagu, wani ya yi amfani da ja don ado. Saboda haka cibiyoyi da yawa suka koma rubuta dokokin zane, wasu kuma suna sa kwamfuta ta haɗa allunan daga samfuri guda. Watau mutanen EPICS suna matsowa wajen daidaiton TANGO, su kuma na TANGO suna zana taswira da hannu. Duk shekara biyu sukan haɗu a babban taronsu mai suna ICALEPCS su gwada wa juna abin da suka yi. Na 2023 a birnin Cape Town aka yi shi.

DARASIN WATA FITILA

Akwai labari guda da kusan duk mai wannan sana'a ya sani, ko da yake ba a cibiyar bincike ya faru ba. Ran 28 ga watan Maris, 1979, a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wani bawul ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan sanyaya tukunya yana ta zuba. A ɗakin sarrafawa fitilar bawul ɗin ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufu. Ashe fitilar tana nuna an aika da umurnin rufewa ne kawai, ba ta san ko an bi umurnin ba. Ga ƙararrawa fiye da ɗari sun tashi cikin 'yan mintoci, ba a san wadda za a fara saurara ba. Aka shafe fiye da sa'a biyu kafin a tare ruwan, wani sashe na cikin tukunyar ya narke.

Daga irin wannan aka fitar da ƙa'idodin da yanzu ake bi a Prévessin da Grenoble da Argonne baki ɗaya, ko da wane tsari ake aiki. Abin da aka umurta da abin da aka auna, a nuna su dabam-dabam, kusa da juna. In sadarwa ta yanke, allo ya faɗa a fili, kada ya bar tsohon adadi yana zaune kamar mai rai. A MEDM gurbin yakan koma fari fat, a TANGO ruwan toka. Ƙararrawa a tace ta, a fito da uwar matsala a danne 'ya'yanta. Launi mai ƙarfi a adana shi don ranar wahala, abin da ya sa sabbin alluna da yawa suka koma ruwan toka, ba kyan gani amma ja guda ɗaya in ya bayyana ba ya ɓuya. Kada kuma a dogara ga launi kaɗai, domin a Turai kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu ba ya bambanta wasu launuka sosai, musamman ja da kore. Ko a CERN akwai ɗan abin lura: bisa al'adarsu ayari na ɗaya shuɗi ne, na biyu ja, don haka jan layi a allon LHC ba kullum yake nufin haɗari ba, sabon ma'aikaci sai ya koyi wannan.

An tsara dakatar da LHC daga shekarar 2026 na wasu shekaru, don a ƙara masa yawan karo, ya dawo wajen 2030. A irin wannan hutu ne ake sauya tsofaffin manhajoji, a sake zana alluna, a horar da sabbin ma'aikata, domin ba a canza wa doki linzami yana cikin sukuwa. Mai son ganin wurin da idonsa, akwai gidan baje kolin kimiyya da CERN ta buɗe cikin watan Oktoba na 2023 daidai inda tarago mai lamba 18 ke tsayawa, shiga kyauta ne, sai dai a yi rajista tun da wuri. Shi ɗakin na Prévessin wurin aiki ne, baƙi sukan gan shi ne cikin rukuni tare da ɗan jagora, su leƙa ta bayan gilashi ba tare da sun dami masu aiki ba.